Kati Ɗaya, Maza Goma Sha Huɗu

Zuwa ga ƙanena, Autan mahaifiyarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'yan'uwan ciki ɗaya, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara da jikoki. Allah Ya raba ku da ciwon da ba a san kansa ba, Ya raba ku da kwanciya a hannun wanda ba ya jin harshenku. Ka san hannuna bai taɓa sanin alƙalami ba, kai aka kai makaranta ni aka bar ni da fartanya. Tela, wanda muke gida ɗaya da shi, shi ke rubutawa ina faɗa. Na gargaɗe shi in ya sassauta mini kalma ɗaya zan sani, domin zai maimaita mini sau biyu, kuma kaina ba ya zubar da abin da aka zuba masa. Ka karanta da kanka, ka rufe ƙofa, kada ka ba kowa.

Mu nan muna nan yadda Allah Ya ajiye mu. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ni da ita da man zafi. Jikokina biyu sun yi wayo, babbar har ta fara gyara wa uwarta harshen mutanen nan. Surukata tana gaishe ku. Ɗana Direba ba shi da lafiya, zan zo kan maganarsa.

Auta, yau kwana arba'in da uku kana bugo waya ana ce maka Tsuntsu ya tafi aiki wani gari, wayarsa ta faɗa ruwa. Ni na sa a riƙa gaya maka haka. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗanka ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya cika ranar Talata bayan azahar, a gadon asibiti, hannunsa cikin nawa. In a tsaye kake ka zauna, ka yi kukanka ba da ƙarfi ba, ka share ido ka ci gaba da karatu, domin ba ta'aziyya kaɗai ta sa na tayar da Tela daga kan keken ɗinkinsa ba.

Sai ka san gidan kafin ka gane mutuwar. Ku can kuna ganin hoton da yara ke ɗauka a jikin motocin mutane, kuna cewa an ji daɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗaki huɗu ne a ƙarƙashin bene, sai ka sauka matakala tara kafin ka kai ƙofarmu. Taga ɗaya ce, kuma ba abin da muke gani ta cikinta sai takalman masu wucewa. Bango yana gumi rani da damina, tabarma tana yin baƙi ta ƙasa. Maza goma sha huɗu, da surukata da yaranta, banɗaki ɗaya. In mutum ɗaya ya fara tari ranar Asabar, kafin Laraba gidan duka ya amsa masa. Da muka kai kuka wajen mai gidan haya, cewa ya yi mu muka zo da danshin a jikinmu.

A cikin mazan nan duka, Direba kaɗai ke da takardar zama, kuma kamfanin da yake tuƙa wa mota ya yi masa katin asibiti. Wanda ba shi da kati, in ya je, kafin a tambaye shi inda ke masa ciwo sai an tambaye shi takarda, kuma daga teburin tambaya zuwa motar 'yan sanda ba nisa. Shi ya sa katin Direba ya zama na gida. Hoton da ke jiki ƙarami ne, ya yi duhu, kuma a idon mutanen nan dukkanmu fuska ɗaya gare mu. Abin da suke raina mu da shi, da shi muka sha magani shekara bakwai. Duk mai zuwa sai ya haddace sunan Direba da ranar haihuwarsa da sunan uwarsa, in yi masa tambaya kamar alƙali kafin ya fita. Ni dai ban taɓa amfani da shi ba, furfurata za ta tona ni.

Kada ka ɗauka abin wasa ne. Asibiti ba ya mantuwa, komai yana rubuce, don haka sai an sami wanda shi ma ba ya mantuwa, kuma ka san wane ne. Ni na riƙe lissafin jikin mutum goma sha huɗu a jikin mutum ɗaya. A takardarsu an cire wa Direba haƙori goma sha ɗaya, alhali bakinsa cike yake har yana fasa ƙashi. Ya karye a hannu sau biyu, ya yi basir, ya yi ciwon kunne, har wata ma'aikaciya ta ce wa Mai Fenti, ɗaya daga cikin mazan gidanmu, ba ta taɓa ganin mutum mai rashin sa'a irinsa ba, muka yi wata guda muna dariya. Ni nake cewa wane zai je yau, wane sai ya jira. Wanda aka ɗaure wa hannu, ba mai bin bayansa da lafiyayyen hannu sai an yi sati shida. Tun da aka yi wa Mai Walda aiki a ciki ya sami tabo, na hana kowa zuwa da ciwon ciki, kada likita ya ɗaga riga ya ga fata sumul. Kuma kowa na ja masa kunne kada ya yarda a ɗebi jininsa, domin Direba na gaskiya yana da ciwon suga, duk wata yana zuwa karɓar maganinsa. Shekara bakwai ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ka riƙe wannan.

Tsuntsu yana aiki a filin tsofaffin ƙarafa, inda ake yanka gawar motoci. Ka san shi da fito, tun yana ƙarami bakinsa ba ya hutawa, a nan ma da shi muke gane ya sauko matakala. Takalmin aiki da safar hannu 'yan ƙasa ake ba, namu da silifa suke shiga. Wani gefen ƙofar mota ya yanke shi a ƙwauri, yanka ba mai girma ba. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, domin a wurin nan wanda ya yi fashin kwana ɗaya, gobe zai tarar da wani a gurbinsa, mutane suna tsaye a bakin ƙofa suna jiran wani ya faɗi. Kuma kai duk Juma'a kana bugo waya kana tambayarsa yaushe za a rufe ginin da ka fara, damina ta kusa. Ina zaune kusa da shi, ina jin muryarka. Ba ka taɓa tambayarsa me ya ci ba. Kwana tara yana ɓoye ƙafar nan yana wanke ta da ruwan gishiri, sai da wari ya tona shi. Ni ma na ƙara masa kwana biyu, domin Mai Fenti ya je a satin da karyayyen yatsa, na ga bai kamata a ga Direba ya dawo da yatsu lafiya ba. Ban ɓoye maka nawa ba, kada ka ɓoye wa kanka naka.

Ranar Talata ya tashi ba ya gane mutane, jikinsa kamar garwashi. Muka naɗe masa yatsa da bandeji, ni da surukata muka kai shi, ita ce mai ɗan jin harshensu, shi ma na kasuwa ne, ba na ciwo ba. Tafinta kuwa sun ce sai ranar Alhamis yake zuwa, sai ka ce ciwo yana duba ranaku. Tun da safe muke kan benci, waɗanda suka zo bayanmu suna shiga suna fita, sai da aka yi azahar aka kira sunan ɗana, muka ɗaga ɗanka. Likitan matashi ne, idonsa ja don gajiya, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ga ƙafar ya girgiza kai, ya ce dafin ya fara shiga jini, allura za a yi masa yanzu-yanzu. Surukata ta faɗa mini sunan allurar, nan take na gane ta.

Kai ka manta, na sani. Tsuntsu yana da shekara shida ya taka ƙusa a bayan gidanmu, ni na saɓa shi a kafaɗa zuwa ɗakin shan magani, aka yi masa wannan allurar. Kafin a mayar da sirinji cikin kwano fuskarsa ta kumbura, leɓɓansa suka yi kamar za su fashe, numfashi ya ƙi fita. Da ƙyar malamin asibiti ya ƙwato shi, ya riƙe mini hannu ya ce in gaya wa ubansa, yaron nan da wannan allura har abada. Na same ka a shagon mai aski kana gardama, na gaya maka, ka ce to, ko ɗago kai ba ka yi ba. Shekara ashirin da shida ke nan. Yaron bai sani ba, domin uban da ya kamata ya gaya masa bai riƙe ba. A duk duniya kaina kaɗai ke ɗauke da wannan magana.

Na ce wa surukata ta gaya wa likita allurar nan ba ta karɓarsa. Ta faɗa. Ya duba takardun da ke gabansa, ya ce ai bara an yi wa wannan mutum ita sau biyu a nan asibitin, lafiya lau. Gaskiyarsa, an yi wa Mai Walda, an yi wa Direba da kansa. Sai ya ɗauki katin, ya dubi hoto, ya dubi fuskar ɗanka, ya sake duban hoto. A shekara bakwai shi ne mutum na farko da ya dube mu sau biyu. Ya tambaya a hankali, wannan shi ne mai katin kuwa. Mai gadi yana tsaye a bakin ƙofa, ina ganin takalminsa. Surukata ta juyo ta zuba mini ido. In na ce ba shi ba ne, Direba ya tafi kurkuku, daga nan a kore shi, matarsa da yara su bi shi, maza goma sha uku a kwashe su kafin la'asar. In na ce shi ne, ka san sauran.

Na ce shi ne. Na ce ta gaya masa tsufa ne ya rikita ni, da wani ɗana nake haɗa shi. Ni da nake iya gaya maka launin rigar da mahaifinmu ya sa ranar da aka haife ka, na buɗe baki na ce na manta. Likitan har ya yi ɗan murmushi ya dafa kafaɗata. Na ce a raina wataƙila girma ya canja masa jini, shekara ashirin da shida ba kwana biyu ba ce. Bai canja ba. Ko minti goma ba a yi ba. Sun yi gudu, sun kawo na'urori, sun danna ƙirjinsa har gumi ya jiƙa rigar likitan, wannan kam na yaba musu. Jikin da zazzaɓi ya ci kwana goma sha ɗaya ba shi da abin da zai yi faɗa da shi.

Tela ya ajiye alƙalami a nan ya ce in nemi gafararka. Na ce ya ɗauka ya rubuta abin da na faɗa. Ban nemi gafararka ba, Auta, kuma ba zan nema ba. An sa mini 'ya'ya biyu a sikeli, na ɗauki wanda na haifa. In ka ce da kai ne za ka yi dabam, ƙarya kake, na san ka tun kana tsotson yatsa. Hisabina yana wajen Wanda Ya ga zuciyata a ɗakin likitan nan, ba wajen mutumin da aka gaya wa maganar ran ɗansa ya ce to ba.

Takardar mutuwa da sunan Direba ta fito. Surukata ta sa hannu a matsayin matar mamaci, mijinta yana gida yana jiran labari. Mu huɗu muka yi masa wanka da salla a bayan asibitin. Maƙabartar baƙi tana da nisa, motar gawa kuma mutum ɗaya take ɗauka, ni na bi shi. Wuri ne shimfiɗe har iyakar ganinka, ba suna ko ɗaya, sai turakun ƙarfe masu lamba. Na sa shi da hannuna, na juya fuskarsa inda ya kamata. Suka ba ni 'yar takarda mai lambar kabarin, na sa mai haƙa ya faɗa mini da baki sau uku, ka san lamba kam ina ji a harshensu. Da na dawo gida na ƙone takardar a kan risho.

Ka ga kamar na ci riba ko? Saurara. Bayan kwana goma labari ya kai kamfani cewa direbansu ya mutu, shi kuwa yana tsaye yana duba tayar mota. Mai kamfanin ba wawa ba ne, nan take ya gane. Ya karɓi makulli ya ce matattu ba sa tuƙa masa mota, ya ɓace masa da gani kafin ya ɗaga waya. An soke katin, an soke takardar zama. Ɗan da na ceto, a wajen hukuma yana cikin ƙasa. Maganin sugansa ya ƙare sati uku da suka wuce, mai kantin magani ya ce ba ya bayarwa sai da takardar likita, likita kuma ba ya ganin gawa. Yanzu yana shan ruwa kamar raƙumi, yana ramewa ina kallo, idonsa ya fara hazo, babban yatsansa na ƙafar dama ya fara baƙi. Na san wannan warin, Auta. Kwanan nan na shaƙe shi a ɗakin nan. Sauran mazan kuwa kowa ya koma ruwan gishiri da addu'a, masu gaishe ni da durƙuso yanzu sai su bi ta gefena.

To ga abin da ya sa na yi takarda. Shekara biyu da suka wuce Tela ya cika wa Tsuntsu takardun neman izinin zama, muka aika, shiru har muka cire rai. Ranar da ya cika kwana ashirin a ƙasa amsa ta zo. Sun amince. Sun ce ya zo kafin ƙarshen watan gobe da takardar haihuwarsa ta asali, a ɗauki hotonsa, a ba shi izini da katin asibiti. A wajensu ɗanka yana raye, lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai bai taɓa yi ba. Shekara biyu ce tsakaninsa da Direba, kuma dukansu goshin kakansu suka ɗauko. Ɗanka ya shiga kabari da sunan ɗana, ɗana zai shiga asibiti da sunan ɗanka. Ban ga zalunci a nan ba, musaya ce.

Takardar tana cikin shuɗin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonka, wanda murfinsa ya lotsa ta hagu, a cikin ambulan ɗaya da takardar gonar mahaifinmu. Kada ka ce mini ta ɓata, a gabana ka sa ta ranar da na yi muku sallama. Ka ba ɗan kasuwan da ya kawo maka wannan wasiƙa, kwana shida zai yi a wajenku ya juyo. Bai san abin da ke ciki ba, kada fuskarka ta gaya masa. Sannan ka janye abokin nan naka da ka sa yana yawo da hoton Tsuntsu yana tambayar mutane, jiya an gan shi a filin ƙarafa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kuma ba zaman makoki, ba shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Garinmu kowa yana da ɗa a nan, in mutum ɗaya ya yi maka gaisuwar mutuwa da safe, kafin yamma an ji a titinmu. Uwarsa ka gaya mata a ɗaki, ta toshe baki da gefen zane. Matarsa ta ƙirga kwanakinta a zuci, kada ta canja ko ɗankwali. Kuka ba ya tayar da matacce, amma yana iya binne mai rai.

Na san za ka zage ni, ka ce ba ni ba kai har gaban Allah. Zage ni, zumunci ba ya mutuwa don zagi. Sai dai ka tuna turakun nan sun fi dubu, dukansu iri ɗaya, kuma lambar ɗanka ba ta rubuce a ko'ina da hannunka zai kai. Tela bai san ta ba, surukata ba ta san ta ba. Tana inda maganar allurar ta zauna shekara ashirin da shida. Ranar da takardar haihuwa ta shigo hannuna, ranar zan faɗa wa Tela lambar ya rubuta maka, ko wata rana kai ko jikarka wani ya tsaya a kansa ya yi masa addu'a. In ka ƙi, ko ka tsaya shawara da zuciyarka har wata ya wuce, to, shekarata saba'in da huɗu, ƙirjina ya fara nauyi in na hau matakalan nan tara, kuma ni ba ni da kati. Inda na tafi, can lambar za ta bi ni.

Ka gaida mai ɗakinka, Allah Ya ba ta haƙurin da ba a gani. Ka gaida Yaya Babba, in ta tambaye ni ka ce ina nan da taurin kaina. Ka gaida Gwaggon yara da Kawu Mai Goro da maƙwabcinmu na bayan gida, in yana raye. Surukata ta ce a gaishe ku. Direba ya so ya yi magana, na ce ya adana ƙarfinsa, yana da sabon suna da zai haddace. Ka shafa mini kan 'yar Tsuntsu. In ta tambayi babanta, ka ce mata yana nan lafiya, har ya kusa samun takarda. Ba ƙarya ka yi mata ba, haka yake a rubuce.

Allah Ya jiƙan wanda ya tafi, Ya bar mana wanda ya rage. Ina sauraron ɗan kasuwa.

Ni ne yayanka, wanda ya goya ka, ya goya ɗanka har sau biyu,
Tsohon gidan ƙarƙashin bene.